Tarihin Kaset ɗin Bidiyo da Asalin Layukan da Ke Fitowa Idan An Juye Shi a Kwamfuta



Marigayi Sarkin Sudan na Kontagora, Alhaji Sa'idu Namaska, ya hau gadon sarauta a shekarar 1974, Allah ya yi masa rasuwa a watan Satumba na 2021, bayan ya shafe shekara 47 a kan karaga. Idan aka jera waɗannan shekaru da tarihin kaset ɗin bidiyo, za a ga wani abin lura. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da kaset ɗin Betamax a 1975, kamfanin JVC ya biyo baya da VHS a 1976, sannan kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ya rage yana ƙera na'urar kallon kaset, ya daina ƙera ta a 2016. Wato an haifi kaset ɗin VHS, ya yi tashensa, ya kwanta dama, duk a zamanin sarki guda.

Ma'anar wannan a gare mu ita ce, mafi yawan hotuna masu motsi da aka ɗauka a garin nan daga shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000, na hawan sallah ne, ko naɗin sarauta, ko biki da suna, ko saukar karatu, ko tarbar alhazai, suna kwance ne a kan zaren kaset, a cikin akwatuna da saman sif da ƙarƙashin gado. A cikinsu akwai fuskoki da muryoyin iyaye da kakanni waɗanda ba za a sake ganinsu ba.

Yanzu mutane da dama sun farga, suna kai kaset ɗinsu wurin masu kwamfuta a juye musu. Sai dai ƙorafi guda ake ta yi: da zarar wani abu ya motsa a hoton, sai gefensa ya tsattsage, ya yi layi-layi kamar haƙoran matsefi. Wasu suna ɗauka kaset ɗin ne ya lalace, har su jefar da shi. Alhali kuwa lafiyarsa lau. Waɗannan haƙora gado ne na wata dabara da aka ƙirƙiro shekara casa'in da suka wuce, kuma wanda ya san tarihinta ba zai yi asarar kaset ɗinsa a banza ba.

Kafin zuwan bidiyo

Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya samu sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa Kontagora a matsayin mazauninsa a 1864. Daga zamaninsa har zuwa shigowar Turawan Ingila a 1901, lokacin ɗansa Ibrahim, da shekarun da suka biyo baya, abin da ya zo mana na tarihi ya zo ne ta bakin dattawa da maroƙa, da rubutun malamai, da rahotannin Turawan mulki. Hoto mai motsi da talakan Arewa ya fara gani shi ne majigi, wanda motar gwamnati ke kaiwa gari-gari a haska a fili da dare. Amma majigi na hukuma ne, ita ke zaɓen abin da za a ɗauka da abin da za a nuna. Sai da kaset ya zo sannan mutum ya samu ikon ɗaukar hidimar gidansu ya ajiye. Wannan shi ne darajar kaset a tarihi: shi ne karo na farko da jama'ar gari suka ɗauki kansu da kansu. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji.

Asalin saƙar layuka

A silima, hotuna 24 ne ke wucewa a kowane sakan, kuma na'urar haskawa tana ƙyafta kowane hoto sau biyu don kada ido ya ga allon yana walƙiya. Da aka zo ƙera talabijin a shekarun 1930, sai injiniyoyi suka ci karo da matsala. Talabijin irin ta da, mai ƙusumbi, ba ta nuna hoto gaba ɗaya. Wani ɗan tsinken haske ne ke gudu a bayan gilashin, yana zana layi bayan layi daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, kuma kafin ya kai ƙasa, layukan sama sun fara dusashewa. Idan aka zana hoto 25 a sakan, allon zai riƙa ƙifce-ƙifce har ya gajiyar da ido. Idan aka ce a zana cikakken hoto 50, zangon da tasha ke watsa shiri a kansa ba zai ɗauka ba. Kuma a lokacin babu wata ma'ajiya a cikin akwatin da za ta riƙe hoto a maimaita shi kamar yadda silima ke yi.

Mafitar da aka samu ita ce a raba kowane hoto gida biyu. Fritz Schröter na kamfanin Telefunken a Jamus ya yi rajistar wannan dabara a 1930, Randall Ballard na kamfanin RCA a Amurka ya yi rajistar tasa a 1932, sannan BBC ta yi amfani da ita a tsarin layi 405 da ta fara watsa shiri da shi daga Landan a watan Nuwamba na 1936.

Misalin abin kamar manomi ne da ya shiga gona yana shuka kunya ta 1, ta 3, ta 5, har ƙarshen gona, sannan ya dawo farko ya bi ta 2, ta 4, ta 6. Haka tsinken hasken yake yi: zagaye na farko ya zana rabin layuka, zagaye na biyu ya cike gurbin da ya tsallake. Da haka ido yana samun haske sau 50 a sakan, tasha kuma nauyin hoto 25 kawai ta aika. An zaɓi 50 ne saboda wutar lantarkin Turai tana kai-komo sau 50 a sakan, irin wadda muka gada a Najeriya. Amurka, da wutarta ke kai-komo sau 60, ta gina nata tsarin a kan 60.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne: kyamara ba ta ɗaukar waɗannan rabi biyu a lokaci guda. Rabi na biyu yana zuwa ne bayan na farko da kashi ɗaya cikin hamsin na sakan. Duk rigimar da muke gani yau daga nan ta samo asali.

Yadda abin ya iso Najeriya

Tashar talabijin ta farko a ƙasar nan ita ce WNTV ta Ibadan, wadda gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta buɗe ranar 31 ga Oktoba, 1959. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe ta Arewa a Kaduna a 1962. Hoto mai launi ya fara ne daga tashar Jos a tsakiyar shekarun 1970, sannan a 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin a ƙarƙashin hukumar NTA, shekara guda bayan ƙirƙiro Jihar Neja a 1976. Ta wannan hanya ce wasanni irin su Samanja na Usman Baba Pategi da Karambana na Ƙasimu Yero suka shiga gidajen jama'a.

Najeriya ta ɗauki tsarin launi da ake kira PAL, wanda Walter Bruch na Telefunken ya ƙirƙiro, aka fara aiki da shi a Jamus da Ingila a 1967. Tsarin yana da layi 625, amma 576 ne ke ɗauke da hoto, sauran lokaci ne da ake ba tsinken haske ya koma sama. Kowane rabi ke nan layi 288. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta bi tsarin Faransa mai suna SECAM, shi ya sa kaset ɗin da aka naɗa da shi kan fito baƙi da fari a na'urar da PAL kaɗai ta sani. Kaset ɗin da 'yan uwa suka aiko daga Amurka kuma na tsarin NTSC ne, mai layi 525 da rabin hoto kusan 60 a sakan. Wannan ne ya sa a wancan zamani mai sayen bidiyo yake neman wadda ke cin kowane irin kaset.

Zamanin kaset

VHS ta yi galaba a kan Betamax a kasuwa, babban dalili kuwa shi ne tun farko kaset ɗinta ya fi ɗaukar dogon lokaci, kuma JVC ya bar kamfanoni da yawa su ƙera na'urar. Kaset ɗin da aka fi sani a wurinmu shi ne mai lamba E-180, mai cin awa 3. A farkon shekarun 1980 aka fara haɗa kyamara da na'urar naɗi a jiki guda, sai ga manyan kyamarorin nan na Panasonic da ake saɓawa a kafaɗa, a zura musu cikakken kaset. Su ne suka haifar da sana'ar mai bidiyo, wanda ake ɗauka haya ranar biki, yaronsa na biye da shi da fitila da doguwar waya.

Irin waɗannan kayan aiki ne suka haifi fim ɗin Hausa na kasuwa. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a 1990, shekara biyu kafin Living in Bondage na Kudu, wanda ya fito a 1992. Daga nan shagunan hayar kaset da gidajen kallo suka bazu a garuruwan Arewa.

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin na'urar bidiyo a shagon mai gyara ya ga wata 'yar ganga mai ƙyalli a karkace, wadda masu gyara ke kira hed. Kawuna biyu ne ke aikin naɗi a jikinta, tana juyawa sau 25 a sakan, kowane kai yana rubuta siririn layi a karkace a jikin zaren. Kowane irin wannan layi rabin hoto ne guda. Wato saƙar layukan nan a jikin zaren take a rubuce. A kaset ɗin awa 3 akwai rabin hoto 540,000, kowanne da lokacinsa.

Asarar farko: zamanin faifai

Da faifan CD na bidiyo ya mamaye kasuwa a shekarun 2000, mutane da yawa sun kai kaset ɗinsu an mayar musu faifai, suna ganin sun ci gaba. Amma faifan VCD layi 288 kawai yake ɗauka, hoto 25 a sakan. Ma'ana, an zubar da rabin layukan da rabin motsin. Shi ya sa a faifan ba a cika ganin haƙoran matsefi ba, amma fuskokin mutanen da ke nesa sun dagule, rubutun allo ba ya karantuwa. Wasu da suka karɓi faifan sai suka yar da kaset ɗin, ko suka naɗi wani abu a kansa. Faifan kuma ya zo ya kakkarce, zafi ya ɓata shi. Wanda har yanzu yake da kaset ɗin asali, ya sani cewa ya fi faifan da aka juya daga gare shi daraja.

Dalilin fitowar haƙoran

Allon kwamfuta da na wayar hannu da talabijin ta bango ba su da tsinken haske. Duk layukan suke kunnawa lokaci guda. Idan aka ba kwamfuta hoton kaset, sai ta ɗauki rabi biyun nan ta saƙa su wuri ɗaya ta nuna, kamar a lokaci guda aka ɗauke su. Inda babu motsi, kamar bango ko dattijon da ke zaune, layukan suna dacewa, hoton ya fito tas. Inda akwai motsi kuwa, ba za su dace ba.

A ɗauki misalin mahayi ranar hawan sallah, ya sako dokinsa a sukuwane zai yi jafi. Dokin da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin wajen mita 11 a sakan, wato tsakanin rabin hoto na farko da na biyu ya matsa santimita 22, kimanin taƙi guda. Rabin layukan suna nuna kan dokin a nan, ɗaya rabin suna nuna shi taƙi guda a gaba. Idan aka haɗa su, dole gefensa ya yi haƙora. Haka abin yake ga hannun makaɗi, da masu rawa, da duk lokacin da mai kyamara ya juya ta daga hagu zuwa dama.

Wannan ne kuma ya sa galibi ba a ganin matsalar a kaset ɗin finafinan Indiya. Su da fim ɗin silima aka ɗauke su, da aka zo mayar da su kaset, rabi biyun daga hoto guda aka yanko su, babu tazarar lokaci a tsakani. Kaset ɗin bikinmu ne, da aka ɗauka kai tsaye da kyamarar bidiyo, ke da wannan hali.

Kada a haɗa wannan da wasu alamomin. Ɗan yamutsin da ke kwance a can ƙasan hoto wurin da kawunan hed ke karɓar juna ne, dama can yana nan, bakin talabijin ta da ne ke rufe shi. Farin layi mai yawo sama da ƙasa kuma rashin daidaita tirakin ne, ko datti a hed.

Gyaran da ke ɓarna da wanda ke amfani

A nan ne ake garin neman gira a rasa ido. Wasu masu juyi suna zubar da rabi guda, haƙoran su ɓace, amma an koma gidan jiya na VCD. Wasu suna narkar da rabi biyun a juna, sai doki ya fito da inuwa kamar mai kai biyu. Mafi muni shi ne a ƙara girman hoton ko a rage shi alhali saƙar tana nan, domin layukan za su cakuɗe, gefen abubuwa ya yi lanƙwasa-lanƙwasa, kuma babu manhajar da za ta iya raba su bayan haka. Da yawa daga ƙananan na'urorin juyi masu araha da ake sayarwa a kasuwa suna yin ɗaya daga cikin waɗannan a cikinsu, ba tare da an tambaye su ba. Kunna kaset a talabijin a ɗauka da waya kuwa, wannan ba juyi ba ne, hoton hoto ne.

Hanyar da ma'ajiyar tarihi ta duniya ke bi ita ce a yi kwafi biyu. Na farko shi ne uwa: a juye kaset yadda yake, a ma'aunin 720 da 576, hoto 25 a sakan, da saƙarsa da komai, ba a taɓa shi ba. Zai yi nauyi, domin a tsarin DV awa guda tana cin wajen gigabait 13, amma shi ne madadin kaset ɗin. Ganin haƙora a wannan kwafi alama ce mai kyau, tana nuna rabi biyun duk sun iso lafiya.

Na biyu shi ne na kallo da turawa 'yan uwa. Daga uwar ake fitar da shi, a sa manhaja ta warware saƙar, ta mai da kowane rabi cikakken hoto, a samu hoto 50 a sakan. Da haka gudun doki zai fito sumul kamar yadda aka gan shi a talabijin ta da. Sunan wannan aiki a cikin manhajoji shi ne Deinterlace. HandBrake, wadda kyauta ce, tana da shi, inda ake zaɓar Bwdif ko Yadif tare da Bob, a sa gudun hoto a 50. Mai son ya gwada da idonsa, ya buɗe bidiyon a VLC ya danna harafin D, zai ga haƙoran sun kwanta.

Abu biyu za a kiyaye. Idan bayan gyara aka ga motsi yana karkarwa, yana gaba yana baya, to an juya jerin rabi biyun ne, an sa na biyu a gaban na farko, sai a sauya saitin a sake. Sannan hoton kaset faɗinsa 4 ne tsawonsa 3. Kada a ja shi don ya cika faffaɗan allo, sai mutane su koma gajeru masu ƙiba. Kuma a sani cewa duk abin da ya bi ta WhatsApp ko Facebook an matse shi, bai isa ya zama ajiya ba.

Lokaci yana ƙurewa

Zaren kaset leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu da wani irin danƙo. Zafi da laimar damina suna kashe danƙon, fumfuna ta hau zaren, ƙurar hunturu kuma ta cinye hed. Kaset ɗin da aka ga farin gari a cikin tagarsa kada a kunna shi sai an tsaftace shi, domin zai iya tsinkewa, ya kuma shafa wa na'urar. Sai dai abin da ya fi zaren saurin ƙarewa shi ne na'urar kanta da masu iya gyaranta. Tun a 2015 hukumar adana finafinai da sauti ta Ostareliya ta yi gargaɗin cewa kaset ɗin da ba a juye ba kafin 2025 akwai yiwuwar a rasa shi har abada. Ko BBC da girmanta ta yi asarar shirye-shirye masu yawa na shekarun 1960 da 1970, saboda a lokacin ana goge zare a sake naɗi a kansa.

Amma akwai labari mai ƙarfafa gwiwa. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓata. A 2016 aka gano asalinsa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi da haɗin gwiwar Jamusawa, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Abin da ya cece shi shi ne ba a jefar da asalin ba.

Don haka duk mai kaset a gida ya fito da shi ya duba. A jera su a tsaye kamar littattafai, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da sifika da rana. A ɓalle ɗan harshen robar da ke gefen baya na kaset ɗin don kada a yi kuskuren naɗi a kansa. Idan za a kai juyi, a tambayi mai aikin ko zai ba da kwafin uwa mai layi 576 da ba a taɓa ba, kuma a karɓo kaset ɗin a dawo da shi gida. A ajiye kwafin a wuri biyu ko uku, ba a gida ɗaya ba.

Aiki na ƙarshe kuwa babu kwamfutar da za ta yi mana shi. A zaunar da dattawan gida, maza da mata, a kunna musu, a riƙe biro da takarda: wane ne wannan, wace unguwa ce, wace shekara, hawan wane ne, wace ce ke riƙe da amarya. Hukumar UNESCO ta ware ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da irin wannan gado na sauti da hoto, ranar ta dace kowane gida ya sa ta a matsayin wa'adi. Hoton da babu mai iya faɗin sunan mutanen cikinsa ya yi rabin ɓata, ko da ya fito tas.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu amfana da abin da suka bari.